Murtala Muhammed: Kwana Ɗari Biyu da Tatsuniyar Namiji Tilo

Ma'aikacin da ya fito daga Kubwa ko Dutsen Alhaji ko Zuba da sassafe, yana fafutukar isa Sakatariyar Tarayya kafin ƙarfe takwas, a kan titin Murtala Muhammed yake tafiya, ko da bai taɓa lura da sunan ba, domin kowa titin Kubwa yake ce masa. Idan ya laluba aljihu ya ci karo da naira ashirin, fuskar mutumin ce a jikinta. Birnin da yake shiga ɗin ma, a zamanin mutumin aka yanke shawarar gina shi. Amma Janar Murtala Ramat Muhammed bai yi ko wata bakwai cikakku a kan mulki ba. Ya hau ranar 29 ga Yulin 1975, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976, yana da shekara 37 a duniya.

Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, rubuce-rubucen tunawa da shi kan taru a teburinmu na gyaran labarai, kuma kusan dukansu da siffa ɗaya suke zana shi: namijin duniya, wanda ba ya shawara da tsoro, wanda ya tashi shi kaɗai ya gyara ƙasa cikin 'yan kwanaki, ya kori ɓarayi, ya kalli Amurka ido cikin ido. A ƙarshen rubutun sai a yi addu'ar Allah Ya sake kawo mana irinsa. Akwai gaskiya a cikin wannan hoto. Sai dai wanda ya bi tarihin mutumin daki-daki zai tarar da cewa a wuraren da ya tsaya shi kaɗai a kan ra'ayinsa an yi asara mai yawa, ayyukansa da suka rayu har yau kuwa akasari sun fito ne daga hannun kwamitoci da ma'aikata da abokan aiki waɗanda ba a cika tunawa da su ba.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan tatsuniya ba. Amurkawa sun daɗe suna ba kansu labarin cewa ƙasarsu ta ginu ne da ƙarfin mutum tilo, mai doki da bindiga, wanda ya shiga daji ya kafa gida ba tare da taimakon kowa ba. Herbert Hoover ya mai da wannan aƙida taken yaƙin neman zaɓensa a jawabin da ya yi a New York cikin Oktoban 1928, shekara ɗaya kafin kasuwar hannayen jari ta ruguje, miliyoyin mutane su rasa aiki su koma neman agajin gwamnati. Mai dokin nan kuwa, gwamnati ce ta ba shi filin da ya zauna a kai, eka 160, a ƙarƙashin dokar rabon filaye ta 1862. Sojan gwamnati ne suka kori 'yan asalin ƙasar daga filin, kuma da tallafin gwamnati aka shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869. John Wayne, wanda ya fi kowa fitowa a matsayin wannan jarumi a majigi, bai shiga soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu. Finafinan kaboyi sun iso Kano tun zamanin Turawa, samarin da suka tashi a shekarun 1950 sun kalle su a gidajen silima irin su Rex da Palace. Amma ba sai Amurka ta koya wa Bahaushe son jarumi ba. Muna da namu kirarin mazaje, muna da labaran 'yan tauri da mafarauta da sarakunan yaƙi. Abin da ya sa tarihin Murtala ya cancanci a sake dubawa a Abuja shi ne, a kan ma'aikacin gwamnati aka fi gwada wannan jarunta, kuma shi ne ya ɗauki mafi yawan nauyinta.

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamban 1938, a gidan da ke da tushe a malanta da alƙalanci. Mahaifinsa, Muhammadu Riskuwa, ma'aikacin En'e ne. Daga sunan mahaifiyarsa, Ramatu, aka sami Ramat ɗin da ke tsakiyar sunansa. Alhaji Inuwa Wada, wanda ya riƙe ma'aikatar ayyuka ta tarayya sannan ya zama ministan tsaro a 1965 bayan rasuwar Muhammadu Ribaɗu, ɗan'uwansa ne na jini. Ya yi karatun allo, ya yi elementare da Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa, ya gama a 1957. Makarantar ce ta yaye Zakariya Maimalari da Yakubu Gowon da Hassan Usman Katsina, kuma Muhammadu Shuwa abokin karatunsa ne. A lokacin shugabannin Arewa suna kwaɗaitar da yara masu ilimin boko su shiga soja, domin sun lura hafsoshin Arewa 'yan kaɗan ne alhali mulkin kai ya ƙarato. Ta wannan ƙofa Murtala ya shiga a 1958. Ya sami horo a Teshie ta ƙasar Gana, ya wuce Sandhurst a Ingila, ya fito da muƙamin hafsa a 1961, ya ƙware a sashen sadarwa. Ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, ya kuma yi aikin dogari ga Dokta Moses Majekodunmi lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962. A 1963 ya auri Ajoke, Bayarabiya, suka haifi 'ya'ya shida.

Yaron da ya bi wannan hanya, gida da makaranta da gwamnatin Jihar Arewa da baitulmalin ƙasa duk suna da rabo a cikin abin da ya zama. Wannan bai rage masa ƙwazo ba. Abokan aikinsa sun shaide shi da kaifin basira da kyauta da riƙon addini, sun kuma shaide shi da saurin fushi da ƙin karɓar umarnin da bai kwanta masa ba.

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola, ya kuma ci manyan hafsoshin Arewa: Maimalari, Kur Muhammad, Abogo Largema da James Pam. Murtala yana Legas a lokacin, kuma bai ɓoye fushinsa ba. Da Janar Aguiyi-Ironsi ya fitar da doka mai lamba 34 a watan Mayu, wadda ta rushe tsarin tarayya, sai wutar ta ƙara ruruwa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi ramuwar gayya. Aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi a Ibadan, aka kashe hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan ƙabilar Ibo masu yawa a barikoki. Laftanar-Kanar Murtala ne jagoran masu boren a barikin Ikeja, kuma abin da suke so shi ne a raba. Har an fara shirin kwashe iyalai zuwa Arewa.

Kwanakin da suka biyo baya sun cancanci kowane ma'aikaci ya san su. Ƙasa ta yi kwana uku ba ta da shugaba. Waɗanda suka shiga barikin nan, inda kowa ke riƙe da bindiga kuma rai a ɓace, har da manyan sakatarorin tarayya, irin su Musa Daggash da Abdul'aziz Atta da Allison Ayida, ga alƙalai, ga kuma jakadun Birtaniya da Amurka suna ta kai-kawo. Abin da suka ɗauko lissafi ne: Arewa ba ta da gaɓar teku, gyaɗa da auduga ta tashoshin Kudu suke fita, kuɗin shiga da bashin ƙasa a haɗe suke, kuma ƙasashen waje ba za su tallafa wa yankin da ya ɓalle ba. Da wannan aka shawo kan sojojin. Gowon, wanda ya fi kowa girman muƙami a cikin hafsoshin Arewa da suka rage, ya zama shugaba ranar 1 ga Agusta. Murtala ya haƙura ba da son ransa ba, kuma tsakaninsa da Gowon ba ta sake yin daɗi sosai ba. Mutumin da daga baya aka ɗauke shi alamar haɗin kan Najeriya, ma'aikata masu fayil a hammata suna cikin waɗanda suka janye shi daga raba ta.

Yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967. Ranar 9 ga Agusta dakarun Biyafara suka tsallaka Kogin Neja suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, suka kutsa har Ore, hankalin Legas ya tashi. A nan ne halin Murtala ya yi rana. Aka ba shi Runduna ta Biyu, wadda a zahiri babu ita sai a takarda. Ya tattara duk wanda ya samu, da akawuna da masu dafa abinci da sababbin ɗauka, ya ƙwace motocin da ya gani, ya fuskanci abokan gaba. Kafin ƙarshen Satumba ya karɓe Benin. Mai jan ƙafa ba zai iya wannan ba, kuma duk mai adalci zai ba shi wannan yabo.

Amma rundunar da aka haɗa cikin gaggawa ba ta da horo, kuma abin da ya faru a Asaba ya nuna haka ta mummunar hanya. Ranar 7 ga Oktoban 1967 mutanen garin suka fito cikin fararen kaya suna nuna goyon baya ga Najeriya ɗaya. Sojojin rundunar suka ware maza da samari suka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Har yau ana muhawara a kan wanda ya ba da umarni a wurin, amma Murtala ne kwamandan rundunar, kuma ba a hukunta kowa ba. Rubuce-rubucen watan Fabrairu ba sa ambaton Asaba. Mutanen Asaba kuwa suna tunawa da ranar duk shekara.

Daga nan sai batun Onitsha. 'Yan Biyafara sun fasa gadar Neja da suke ja da baya. Hedikwatar soja a Legas ta ba da shawarar a haura arewa a tsallaka ta Idah, inda babu abokan gaba a ɗaya gaɓar, sannan a gangaro ta ƙasa. Wasu daga cikin hafsoshinsa, har da Alani Akinrinade, sun nuna masa haɗarin tsallakawa kai tsaye. Murtala ya ƙi. Ya zuba sojoji a jiragen ruwa daga Asaba, a faɗin kogi, a gaban bindigogin da ke jiran su. Rukunin farko ya shiga garin, babbar kasuwar Onitsha ta ƙone, ɗauki bai iso ba, aka yi musu ƙofar rago aka hallaka mafi yawansu. Ya sake gwadawa, aka sake yin asara. Ya gwada na uku, haka nan. Sai bayan nan ya bi ta Idah ɗin da aka ce masa tun farko, ya kama Onitsha a Maris na 1968. Ranar 31 ga watan kuma aka yi wa dogon ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, tankar mai ta kama da wuta, ayarin ya ƙone kusan baki ɗaya. Bai daɗe ba ya bar fagen daga, Ibrahim Haruna ya karɓi rundunar. A can ɓangaren arewa, abokin karatunsa Shuwa yana tafiyar da Runduna ta Ɗaya a hankali, ba ya matsawa sai ya tabbatar da abinci da harsashi da hanyar komawa. Ana yi masa gorin nawa, amma rundunarsa ce ta kama Enugu, kuma ba ta zubar da rayuka a kogi ba. Sunan Shuwa bai shiga kirari kamar na Murtala ba. Yaran talakawan da ruwa ya ci a Onitsha, da yawansu daga ƙauyukan Arewa, babu wanda ya san adadinsu balle sunayensu.

Bayan yaƙi ya koma sashen sadarwa, ya zama Birgediya, a Agustan 1974 Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya. Kuɗin man fetur ya shigo kamar ambaliya. Ƙarin albashin Udoji ya hura wutar tsadar kaya. An yi odar siminti fiye da abin da tashar Apapa za ta iya saukewa, ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi layi a teku wata da watanni, gwamnati tana biyan kuɗin jinkiri. Ƙidayar 1973 ta jawo rigima. Gwamnoni sun zama sarakuna a jihohinsu, ana ta zarginsu, Gowon ya kasa sauya su. Ranar 1 ga Oktoban 1974 kuma ya janye alƙawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976.

Juyin mulkin da ya kawo Murtala ba shi ya fita ya yi ba. Ƙananansa ne suka shirya, su Shehu Musa 'Yar'aduwa da Joseph Garba da Abdullahi Muhammed da Ibrahim Taiwo da Anthony Ochefu, lokacin da Gowon ke taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala. Murtala ma ba ya ƙasar a ranar. Da ya dawo suka miƙa masa mulki da sharaɗi: zai yi aiki tare da Olusegun Obasanjo a matsayin shugaban ma'aikata na hedikwatar ƙoli da Theophilus Danjuma a matsayin shugaban sojan ƙasa, kuma Majalisar Ƙoli ta Soja za ta iya soke hukuncinsa idan kashi biyu cikin uku suka ƙi. Garba ya rubuta daga baya cewa Murtala ya fusata ya ƙi sharaɗin da farko, yana son cikakken iko, sai da aka nuna masa za a ba wani sannan ya amince. Waɗanda suka ɗora shi sun san shi tun Onitsha, shi ya sa suka sa masa linzami tun kafin ya hau.

Farkon mulkin ya zo da sauri irin wanda 'yan Najeriya ba su saba gani ba. Aka sauke gwamnoni goma sha biyu gaba ɗaya, bincike ya biyo baya, biyu kaɗai aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma. Aka soke ƙidayar 1973. Aka fara rage cunkoson tashar jiragen ruwa. Ma'aikata suka koma zuwa ofis a kan lokaci. Jama'a suka ji daɗi, kuma suna da dalili.

Sai kuma tankaɗe da rairaya. A cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikata fiye da 10,000 daga ma'aikatu da hukumomi da jami'o'i da kotuna da 'yan sanda. Dalilan da ake bayarwa sun haɗa da rashawa, da rashin ƙwazo, da tsufa, da rashin lafiya, da raba hankali tsakanin aiki da kasuwanci. Mutum yakan ji sunansa a rediyo ko ya gani a jarida, an ce ya bar aiki nan take, ya kuma fita daga gidan gwamnati cikin ƙanƙanen lokaci. Da yawa ba a ba su takardar tuhuma ba, ba a saurari bahasinsu ba, wasu sun tafi ba fansho ba garatuti. Babu shakka akwai ɓarayi da malalata a cikinsu. Amma da aka ce wa shugabannin ma'aikatu su kawo sunaye, sai ƙofa ta buɗe wa mai tsohuwar gaba, da mai haƙon kujerar na gaba da shi, da mai rubuta takardar ƙorafi ba suna. Philip Asiodu, ɗaya daga cikin manyan sakatarorin da suka riƙe gwamnati a lokacin yaƙi, yana cikin waɗanda aka yi wa ritaya. An cire Alƙalin Alƙalai Taslim Elias, wanda bai daɗe ba ya zama alƙali a Kotun Duniya da ke Hague, har ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985.

A nan ne, a ganina, jaruntar ta fi tsada. Kafin 1975 yarjejeniyar da ke tsakanin ma'aikaci da gwamnati a fili take: albashi ba shi da yawa, amma aikinka tabbatacce ne, ba a korarka sai an bi ƙa'ida, kuma fansho yana jiranka. Wannan tabbaci ne yake ba babban sakatare ƙarfin halin rubuta wa kwamishina a fayil cewa abin da yake so ya saɓa doka. Da aka nuna cewa shekara ashirin da biyar ta aiki za ta iya ƙarewa da sanarwar ƙarfe bakwai, waɗanda suka tsira sun ɗauki darasi, sai dai ba wanda aka yi nufi ba. Wasu suka koyi yin shiru da bin iska. Wasu suka koyi tanadin gobe tun yau, ta hanyar da ta halatta da wadda ba ta halatta ba, domin sun ga abokin aikinsu mai gaskiya ya fita da iyalinsa ba shi da ko ɗaki. Tsofaffin ma'aikata da dama, har da waɗanda suka yi aiki da gwamnatin, sun sha danganta lalacewar aikin gwamnati da wannan shekara. Gyare-gyaren da aka yi ta yi daga baya, na 1988 da kwamitin Ayida a shekarun 1990, duk suna kewaya raunin nan ne. Kuma abin da ya biyo baya ya nuna rashawar ba ta mutu ba.

Abin lura shi ne, a daidai watannin da ake wannan kora, gwamnatin tana tafiyar da wasu ayyuka ta wata hanya dabam, kuma su ne suka rayu. A Agustan 1975 aka kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba batun babban birni. A cikinsa akwai Tai Solarin da Pedro Martins da Musa Isma da Ajato Gandonu da wasu. Suka zagaya ƙasa, suka karɓi takardun shawara, suka leƙa ƙasashen da suka taɓa sauya babban birni, suka auna ruwa da yanayi da tsaro da faɗin ƙasa da kasancewa a tsakiya, suka miƙa rahoto a Disamba. Kwamitin Mai Shari'a Ayo Irikefe ya yi irin wannan a kan ƙirƙiro jihohi. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Murtala ya sanar da cewa jihohi sun tashi daga 12 zuwa 19, kuma za a gina sabon babban birni a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, abin da doka mai lamba 6 ta 1976 ta tabbatar. Kwamitin rubuta tsarin mulki mai mutum 49 a ƙarƙashin Rotimi Williams ya fara zama tun Oktoba, bayan an sanar da jadawalin miƙa mulki a 1979. A 1975 ne kuma aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda Yusuf Maitama Sule ya fara jagoranta. Rabon Murtala a nan babba ne: rahoto ya zo, bai bar shi ya yi ƙura a kabad ba, ya kai majalisa aka yanke hukunci cikin makonni. Wanda ya san yadda rahotannin kwamitoci ke mutuwa a wannan gari ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma hukuncin ya yi ƙarko ne saboda akwai aikin mutane da yawa a ƙarƙashinsa. Ko a nan ma gaggawa ta bar baya da ƙura, domin an ɗauka filin kusan babu kowa, alhali Gbagyi da Koro da Gwandara da Gade da Bassa suna zaune a ciki tun kaka da kakanni, kuma maganar diyya da sake matsuguni ba ta ƙare ba har yau.

Batun Angola ne ya kai sunansa duniya. Da Fotugal ta janye a Nuwamban 1975, ƙungiyoyi uku suna yaƙin neman mulki. Najeriya ta fara da goyon bayan gwamnatin haɗin gwiwa. Da ta tabbata sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun shiga ƙasar suna mara wa abokan hamayyar MPLA baya, sai ta amince da gwamnatin Agostinho Neto a ƙarshen watan, ta kuma ba ta tallafin dala miliyan 20. Shugaba Gerald Ford ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman kada su bi wannan layi. Gwamnatin Najeriya ta saki wasiƙar ga jaridu tare da martani mai zafi. Ranar 11 ga Janairun 1976 Murtala ya tsaya a taron gaggawa a Addis Ababa ya yi jawabin da har yau ake tunawa, inda ya nuna cewa Afirka ta wuce zamanin karɓar umarni daga wata babbar ƙasa. Taron ya rabu gida biyu, ƙasashe 22 kowane ɓangare, amma cikin makonni rinjaye ya koma wajen MPLA. Ranar tasa ce, kuma ya cancance ta. A bayan jawabin akwai Garba a ma'aikatar harkokin waje, da jami'an diflomasiyya da suka tattara bayanai suka tsara matsayi, da Sufeto-Janar na 'yan sanda M.D. Yusufu, da kuɗin mai da ya sa Najeriya ba ta jin tsoron a yanke mata tallafi.

Bai koma barikin Dodan da zama ba. Ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi, yana zuwa ofis ba jiniya, ba ayarin rakiya, motarsa tana tsayawa a cunkoso kamar ta kowa. Mutane sun so wannan ƙwarai, musamman bayan shekarun da gwamnoni ke rufe titi. Masu kula da tsaronsa ba su so ba, domin gwamnatin da ta kori dubbai, take kuma shirin rage sojan da ya kai kusan 250,000 bayan yaƙi, ba ta rasa maƙiya. Ƙarin girman da aka yi a Janairu, wanda ya ɗaga Danjuma sama da wasu da suke ganin sun girme shi, ya ƙara ɓacin rai a cikin barikoki.

Da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, baƙar Marsandinsa ta tsaya a cunkoso kusa da Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi. Sojojin da ke cikin makircin Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka matso suka buɗe wuta. Murtala ya rasu a wurin, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. Odilansa, Michael Otuwe, ya tsira da raunuka. Aka kuma kashe gwamnan Kwara, Ibrahim Taiwo. Danjuma ya tattara sojoji masu biyayya, Ibrahim Babangida ya jagoranci karɓe gidan rediyo, kafin yamma yunƙurin ya rushe. Aka kai gawar Kano aka binne. Ɗalibai suka fita zanga-zanga, suka nufi ofisoshin jakadancin Birtaniya da Amurka. A Maris da Mayu aka harbe mutum fiye da talatin, har da kwamishinan tsaro Manjo-Janar Iliya Bisalla da tsohon gwamnan Binuwai-Filato Joseph Gomwalk da Dimka kansa, bayan shari'ar sirri da har yanzu wasu iyalai a Filato ba su yarda da adalcinta ba.

Linzamin da bai so ba shi ne ya riƙe gwamnatin bayan rasuwarsa. Da yake mulkin na majalisa ne, Obasanjo ya hau, 'Yar'aduwa ya zama na biyu, Danjuma ya ci gaba da riƙe soja, jadawalin bai sauya ba. Ranar 1 ga Oktoban 1979 aka miƙa wa Shehu Shagari mulki kamar yadda aka alƙawarta. Aka sa sunan Murtala a filin jirgin saman Legas da babban asibitin birnin Kano da dandalin Kaduna, aka fitar da naira ashirin mai hotonsa a 1977. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa ya koma Suleja. Injiniyoyi da masu safiyo da akawunan Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya suka fara aiki daga Suleja ɗin, wani gungun kamfanonin Amurka ya zana taswirar birnin a 1979, Kenzo Tange na Japan ya tsara tsakiyarsa, aka yi ta gini a ƙarƙashin Shagari da Buhari da Babangida, har gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamban 1991, kusan shekara goma sha shida bayan sanarwar. Murtala ya rayu kwana goma ne kacal bayan ya yi ta. Marsandin tana nan a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta, 'yan makaranta suna zuwa kallo.